Gyaɗar da Na Ci a Hannun Malam

Ban yi makaranta ba. Ubana manomin citta ne a ƙasar Kagoma, bai ga dalilin tura mace aji ba alhali gona na jira. Ɗan karatun da nake rubuta wannan da shi, a ajin yamma na zumuntar matan coci na koya, bayan furfura ta gama fito mini. Saboda haka ba zan ja zance ba.

Mijina malamin firamare ne a Kafanchan. Kowa Malam yake ce masa, ni ma haka. Shi kuma Maman yara yake kirana, tun kafin a sami yaran. Na haifi huɗu, na binne biyu. An taɓa ƙona mana gida a wani rikici, muka tsira da kayan jikinmu. Duk wannan ban yi kuka a gaban kowa ba. Na faɗa ne don a san ni ba mai arhar hawaye ba ce.

Malam yana da wani ƙaton ƙamus da wani tsohon hedimasta ya bar masa. Bangon ya mutu, ni na ɗinke bayansa da zaren buhu. Kalmomin Hausa ne a ciki, amma ba irin Hausar da muke yi ba. Tamu ta kasuwa ce da coci, in mun shiga gida kuma da yarenmu muke faɗa. Ta cikin littafin ta mutanen can arewa ce, ta masu jakuna da raƙuma, ta zamanin kakanni. Sai a buɗe shafi guda a karanta daga sama har ƙasa ba ka ji kalma uku da ka taɓa ji ba.

Da wannan littafin muke wasa ranar Lahadi, bayan an taso sujada a coci an ci abinci. A gindin mangwaron tsakar gida muke zama. Mu huɗu ne: ni, da Malam, da 'yarmu, da maƙwabcinmu Alhaji mai sayar da yadi a kasuwa, wanda tun kakansa a garin suke. Ɗanmu namiji ba ya zama, ƙwallo ta ɗauke masa hankali.

Ga yadda wasan yake. Mutum ɗaya zai riƙe ƙamus, ya nemo kalmar da ba wanda ya sani, ya faɗe ta. Sauran kowa ya ƙirƙiro mata ma'ana ta ƙarya ya rubuta a guntuwar takarda ya miƙa. Mai riƙe da littafin ya rubuta ma'anar gaskiya da irin maganarmu ta yau da kullum, ya cakuɗa su, ya karanta duka da murya ɗaya, ba dariya, ba ɗaga gira. Sai kowa ya zaɓi wadda yake gani ita ce gaskiya. Akwai soyayyar gyaɗa a gaban kowa. In ka dace da gaskiya, ka ɗauki ɗaya a kwanon tsakiya. In ka faɗa ƙaryar wani, ka ba shi ɗaya daga taka.

Ni da ban iya rubutu ba, raɗa nake yi. In matsa kusa da mai littafin in faɗa masa a kunne, shi ya rubuta. In Alhaji ne ke riƙe, sai in raɗa wa 'yata ta rubuta mini. In Malam ne, kunnensa nake zuwa. Mu ba mutanen riƙe hannu a gaban jama'a ba ne. A duk zamanmu, wannan ne kaɗai lokacin da bakina ke zuwa kusa da fuskarsa mutane na kallo. Kunnensa na ƙanshin sabulun wanki, don da shi yake wanka, ya ce na ƙamshi ɓarna ne.

Alhaji in ya shigo da tabarmarsa sai ya ce, "Kun fito daga coci kun zauna shirga ƙarya."

Malam ya ce, "Kai daga ina ka fito? Ga goshinka da ƙasa."

"Ni an gayyace ni ne. Zunubin na mai gida ne."

Alhaji yana ganin tunda Hausa ya sha a nono, shi zai riƙa cinye mu. Yakan tsokane mu wai mu mace ma "ya zo" muke ce mata. Amma littafin bai san shi ba. Gyaɗarsa ce ke fara ƙarewa, kuma yawanci gabana take dawowa.

Na tuna ranar da na fara shiga. Da can kallo nake yi ina tsinke ganyen miya. Ranar 'yarmu ce ke riƙe da littafi, tana aji na sama a firamare, ta ce sai na shiga. Kalmar ita ce burgami. Na raɗa mata cewa ramin da ake ajiye irin doya ne kafin shuka. Da ta karanta, Alhaji bai ko jira ba ya ce ita ce. Malam kuwa ya kwashe da dariya har ya ajiye tabarau.

Ya ce, "Kafin in zaɓa, bari in cire ta matata. Ramin doya, wannan ƙaryar Maman yara ce."

Ashe burgami jakar fatar akuya ce. Na ci gyaɗar Alhaji, ban ci ta Malam ba.

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Duk ranar da ba shi ke riƙe da littafi ba, sai ya fara da wannan maganar: bari in cire ta matata. Kuma bai taɓa kuskure ba. Shi kansa yakan faɗa ƙaryar Alhaji, yakan faɗa ta 'yarsa, ya biya su yana gunaguni. Tawa kuwa ko sau ɗaya. Abin ya tsaya mini a rai. Na ci gyaɗar fasto da ya taɓa ziyartarmu ya zauna. Na ci ta ƙanin Malam mai aiki a sakatariya. Ta mijina ta gagare ni.

Wata rana ina shanya citta na tambaye shi yadda yake ganewa.

Ya ce, "Ƙaryarki gajera ce. Kuma kullum akwai aiki a cikinta. Ko wuƙa, ko rami, ko igiya, ko abin ɗaukar kaya. Ba ki taɓa ƙirƙiro abin hutawa ba."

Na riƙe wannan. Lahadi ta zo, aka ce zunguru. Na ce kujerar da tsoho ke miƙe ƙafa a kai da yamma. Na haɗe fuska ina kallon kaji.

Malam ya ce, "Matata ta yi ƙoƙari yau. Ta kawo hutu. Amma sai da ta sa tsoho a kai, ta ga yaro bai cancanta ba."

Alhaji ya yi dariya har ya sarƙe da gyaɗa.

Wani karon muka haɗa baki da 'yata. Ita ta yi guda biyu, ta ba ni ɗaya, ni ban yi komai ba. Alhaji ya karanta. Malam ya ce a maimaita. Aka maimaita. Sai ya dube ni ta saman tabarau.

"Yau Maman yara ba ta zo da tata ba. Aro ta yi."

Na ce masa maye ne. Ya ce maye ba ya zama da mace shekaru haka bai cinye ta ba.

Lokacin da aka ƙona gidanmu, ƙamus ba ya ciki. Alhaji ya are shi a makon, wai ɗansa zai duba wani abu. Bayan abin ya lafa muka koma wata unguwa ta hanyar Kagoro, su Alhaji suka tsaya a tasu ta wajen kasuwa. Gari ya rabu, kowa ya san iyakar inda ƙafarsa ke tsayawa. Muka yi watanni ba mu gan shi ba. Wata Lahadi sai ga ƙarar mashin a ƙofar gida. Ya shigo da littafin a leda da mudun gyaɗa a kafaɗa.

Ya ce, "Ba yaron ne ya ara ba, ni ne. Na haddace har tsakiyar littafin. Ku shirya."

Malam ya ce, "To daga ƙarshe za mu fara."

Ba wanda ya ɗauko zancen wuta. Babu mangwaro a sabon gidan, sai muka zauna a inuwar katanga. Ranar ma na ci gyaɗar Alhaji.

Malam ya yi ritaya. 'Yarmu ta yi karatun jinya, ta yi aure, ta sami aiki a Jos. Namijin ya tafi Abuja. Wasan ya ragu, sai in ta zo gida, ko in an sami wani baƙo ya cike gurbi. Ni ina gonar cittata a ƙauye, in je in dawo. Shi yana koyar da ajin Lahadi, yana gyara wa yaran unguwa lissafi kyauta.

Abin ya fara ne a wasan. Ni na fara gani.

'Yarmu ta zo hutu, muka zauna. Malam ne ke riƙe da littafi. Ya daɗe yana buɗe shafuka, sannan ya ɗaga kai ya ce, "Ludayi."

Alhaji ya ce, "Malam, yau kuma raini ne? Ga shi can a cikin kunu."

'Yarmu ta yi dariya. Malam bai yi ba. Ya dubi Alhaji, ya dubi robar kunun, ya dubi littafin. Can sai ya yi dariya shi ma, ya ce gwada mu yake yi. Dariyar ta makara. Na gani.

Ya nemo wata kalmar. Na raɗa masa tawa, ya rubuta. Ya karanta duka, kowa ya zaɓa. Da aka ce to wacce ce gaskiyar, sai ya tsaya yana jujjuya takardun. Shi ya rubuta ta da hannunsa, amma sai da ya koma littafin ya duba.

Daga nan abubuwa suka biyo baya. Ya sa takalmi ɗaya ya fita. Ya tsaya a tsakiyar addu'ar abinci ya rasa inda zai bi, mutumin da ke jan addu'a har tuwo ya huce. Wata safiya ya ɗaura lakataye ya tafi makarantar da ya bari da daɗewa, ya shiga aji ya ɗauki alli. Hedimastan, wanda tsohon ɗalibinsa ne, ya rako shi gida da kansa yana ta sunkuyar da kai.

'Yarmu ta kai shi asibiti a Jos. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Matan zumunta suka zo suka yi addu'a. Wata ta ce jifa ne, in binciki dangi. Na ce ta sha kununta ta tafi. Na ba da hayar gonar ƙauye, na bar ƙaramin fili a bayan gida. Na sa sakata a ƙofa daga sama, inda ba ya tunanin dubawa.

Na yi masa wanka. Na ba shi abinci a baki ranar da ya manta abin da ake yi da cokali. Na wanke abin da ake wankewa. Wannan duk aiki ne, aiki kuwa bai taɓa ba ni tsoro ba.

Sai ranar da na kawo masa faten acca, ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, Madam. Allah ya saka."

Na ce, "Malam, ni ce."

Ya ce, "Haka ne, Madam." Da ladabi, irin yadda yake yi wa iyayen yara in sun zo makaranta.

Daga ranar na zama Madam. A ganinsa wata mata ce mai kirki da ke taimaka masa. Yakan ba ni haƙuri in ya ɓata zani. Yakan juya baya in zai sa riga. Wani lokaci ya ce in matarsa ta dawo za ta biya ni wahalata. Na nuna masa hoton aurenmu da na karɓo wajen dangi bayan wuta, ya ce kyakkyawa ce, ya miƙo mini. Na yi masa magana da yarenmu, ya amsa da yaren, ya tambaye ni ko ni ma 'yar wajensu ce.

Ba na son komai a lokacin sai abu ɗaya. In san ko ina nan a wani lungu na kansa, ko an share.

Kirsimeti ya zo, 'yarmu ta zo da mijinta da yara. Washegari Alhaji ya zo gaisuwa kamar yadda ya saba, na zuba masa shinkafa da kazar da aka yanka masa daban. Shi ya ga ƙamus a kan kabad.

Ya ce, "Malam, ko za a taɓa? Na daɗe ban yi asara ba."

'Yarmu ta dube ni. Na ce a ɗauko.

Muka shimfiɗa tabarma a inuwar katanga. Aka raba gyaɗa. Malam ya ga littafin, ya shafa ɗinkin bayansa, ya gyara zama. Bai san Alhaji ba, amma ya san akwai abin da ake yi in an zauna haka. 'Yarmu ta riƙe littafi. Ta ce salka. Shi ba ya iya ƙirƙira kuma, sai ta rubuta ɗaya a madadinsa. Na raɗa mata tawa: ƙaramar wuƙar tsaga citta.

Ta karanta. Ta farko wai tsuntsu ne mai jan baki. Ta biyu jakar fata ta ɗaukar ruwa a tafiya. Ta uku ciwon da ke kama kofaton doki. Ta huɗu tawa.

Malam yana kallon ƙasa. Na ɗauka bai ji ba. Sai ya ɗaga yatsa.

"Bari in cire ta matata. Wuƙar citta. Wannan ƙaryar Maman yara ce."

'Yarmu ta rufe baki da takardar. Alhaji ya ce Allahu akbar a hankali, ya juya yana gyara hular da ba ta karkace ba.

Malam ya yi murmushi, ya juyo wajena. Ina zaune dab da shi, gwiwata na taɓa tasa.

Ya ce, "Madam, ko kin ga inda ta shiga?"

Na ce, "Ta je gona."

Ya ce, "Kullum gona. Ba ta hutawa, matar nan." Ya girgiza kai, ya ɓare gyaɗa ɗaya ya ci.

Wani zai ce wannan abin baƙin ciki ne. Ni da shi na rayu shekara guda. Bai san fuskata ba, bai san muryata ba, amma ya san ƙaryata. Ina can ciki ke nan. In ya kira ni Madam sai in ce a raina, kira dai, na san abin da na sani. In ya tambayi matarsa in ce ta je gona, ya ce in ta dawo a ce ta ci abinci. In ce to. Wani lokaci in je kicin in ci ɗin.

Ban sake neman a yi wasan ba a cikin shekarar. Alhaji ya kawo zancen da bikin Ista, na ce Malam ya gaji. Tsoro nake ji. Abin da na samu ya ishe ni, ban so a sake aunawa.

Shekarar ta ci shi. Ya rame, wandunansa sai da na sa musu igiya. Magana ta ragu. Ya daina tambayar matarsa. Wannan ya dame ni fiye da komai. Sai in shiga in fita ina jira ya ce ina ta je, bai ce ba. Har na kai ga cewa da kaina, "Malam, matarka ta je gona." Ya ce, "To," kamar an ce masa an yi ruwa a Zonkwa.

Da Kirsimeti ya sake zagayowa, 'yarmu ta zo da yara, ni na ce a ɗauko littafin.

'Yarmu ta same ni a kicin ta ce, "Mama, a bar shi mana. Baba ba kamar bara ba ne."

Na ce, "Na fi ki sanin yadda yake. Ɗauko."

Alhaji ya zo, shi ma ya tsufa, ɗansa ne ya kawo shi a mashin ya tafi. Citta na shanye a bayan gida, ƙanshinta ya cika ko'ina. Muka zaunar da Malam a kujera da matashi, muka ja ƙaramin tebur gabansa, aka zuba masa gyaɗarsa a kai. Ya dube ta, ya shiga jera ta layi-layi kamar yara a filin makaranta.

'Yarmu ta buɗe littafi ta ce, "Akumari."

Shekarun nan duka ɓoye ƙaryata nake yi don kada ya gane. Ranar kuwa na nemi wadda ta fi kowace kama da ni. Na matsa kunnen 'yata na ce, "Ramin da ake ajiye irin doya kafin shuka."

Ta ce a hankali, "Mama, ai wannan tsohuwa ce. Kowa ya san ta."

Na ce, "Rubuta."

Ta rubuta. Ta karanta guda huɗun. Ban ji sauran ba, fuskarsa nake kallo. Tawa ta sa a ƙarshe, ta karanta ta a hankali, ta ɗan ɗaga murya, abin da dokar wasan ta hana. Alhaji ya kawar da kai.

Malam na jera gyaɗa.

'Yarmu ta ce, "Baba, akumari. Ka ji su? In sake?"

Ya ce, "Sake, malama."

Ta sake. Ya saurara da kyau wannan karon, kansa a karkace, kamar yadda yake sauraron yaro na karatu. Da ta gama sai ya koma jera gyaɗa. Alhaji ya kasa haƙuri.

Ya ce, "Malam, ba za ka cire ta kowa ba tukuna?"

Malam ya dube shi bai gane ba. Ya ɗaga yatsa.

Ya ce, "Ramin doya. Ita ce gaskiya. Na san ramin."

'Yarmu ta rufe littafin.

Alhaji ya ce, "Ka tabbata, Malam? Ka sake tunani. Ba ka jin kamar ka san mai irin wannan maganar?"

Ya ce, "Ita ce. Magana ce ta mai hankali."

Na ce, "Ba ita ba ce. Ƙarya ce. Ni na yi ta."

Ban san me ya sa na faɗa ba. Wataƙila na ɗauka in ya ji daga bakina wani abu zai motsa. Ya juyo ya dube ni sosai, ya daɗe. Sannan ya yi ɗan murmushi.

Ya ce, "Kin iya, Madam. Kin kama ni."

Sunana ya tafi, fuskata ta tafi, amma dokar wasan na nan. Ya zaɓi gyaɗa ɗaya daga layin gaba, ya turo ta da yatsa har bakin tebur, wajena.

Na ce ya bar ta. Na mayar masa cikin layi.

Ya sake turo ta. "A'a. Hakkinki ne. Wanda ya faɗa ya biya."

Na dubi Alhaji, yana kallon katanga. 'Yarmu ta tashi ta shiga ɗaki. Malam ya tsare ni da ido yana jira, don shi mutum ne da ba ya son a bar abu rabi. Na ɗauka. Na ɓare. Na sa a baki na tauna yana kallo, har na haɗiye. Sai ya gyaɗa kai, ya koma ya cike gurbin da ta bari a layin.

Na ce zan je in juya citta. Na je bayan gida. Cittar ba ta bukatar juyi, da safe na juya ta. Na durƙusa a cikinta na yi abin da ban yi ba ranar da na binne 'ya'yana, ban yi ba ranar wuta. Na toshe baki da zani don kada jikoki su ji. Da na gama na wanke fuska a randa, na dawo na ɗora ruwan wankansa.

Ya rasu da farkon damina, da rana, ina yanke masa farce. An yi jana'iza a ƙauyensu, coci ya cika, tsofaffin ɗalibansa sun zo da yawa. Alhaji ya zauna a waje a ƙarƙashin rumfa har aka gama. Na ji wasu mata na cewa idona a bushe yake, wai zuciyata dutse ce.

Bayan an share makoki na shiga ajin yamma, don gidan ya yi shiru da yawa. Yanzu ina haɗa baƙi. Ƙamus na nan a kan kabad, ɗinkin bai saki ba. Ranar wasan ƙarshe ba a kai ga faɗin amsa ba, ni kuma ban tambaya ba, har yau ban san mene ne akumari ba. Yana farkon littafin, na san wajen da zan buɗe. Malam ya ce ramin doya ne. Na bar shi haka.